Hatimin Dagaci a Takardar Ɗana

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga tafireta a ofis a Birnin Kudu. Abu biyu na fito da su daga aikin nan, ciwon wuya da kuma yarda da kaina cewa na san takarda. Na san wadda ake karantawa a tsaye, na san wadda ake ce wa mai ita ya dawo jibi, na kuma san wadda ke ƙarewa a hannun mai ƙosan bakin ƙofa. A zamaninmu bambancinsu ba a ɓoye yake ba. Takardar da ta zo da sa hannu da hatimin wani babba ita ce mai dangi. Wadda ta zo haka nan kuwa, komai kyan Turancinta, sai ta jira. Har bayan na yi ritaya mutane ba su daina zuwa gidana in tsara musu takardar neman aiki ba, kuma ba yabon kai ba, da yawa sun samu. Akwai malaman firamare da ma'aikatan duba-gari da har gobe in mun haɗu a kasuwa sai sun rusuna. Sunana ma ya ɓace a unguwa, Akawu kawai ake ce mini.

Na fara da wannan ne don a san inda girman kaina ya samo asali. Ba wanke kaina nake son yi ba.

Yayana manomi ne a Kwandiko, can ƙasar Gwaram, inda aka haife mu. Yana da gonakinsa da 'yan shanunsa. Da aka yaye ɗansa na fari sai aka miƙo mini shi, kamar yadda aka saba a gidanmu, don ɗan fari ba ya zama a gaban iyayensa, kunya ba ta barin su ko sunansa su kama. Ni kuma Allah bai ba ni nawa ba, saboda haka na karɓe shi hannu biyu. Tun daga ranar Yaya bai taɓa kiran sa da wani abu ba sai "ɗanki". Da yaron ya gama firamare, Yaya ya zo da kansa ya ce a ba shi shi ya koma gida, shanu sun yi yawa, ƙannen kuma ba su tasa ba. Na ce, "Yaya, ka bar mini shi. Ni zan kai shi inda zai zauna a kan kujera." Ya dubi ƙasa ya ce, "To, Akawu, ke kika san takarda." Ya hau motar Gwaram ya koma shi kaɗai.

Yaron bai ba ni kunya ba. Ya karanta ilimin ƙasar noma a jami'a, ya fito da sakamako mai kyau, sai dai yajin aikin malamai ya cinye masa shekaru. Ya je kudu ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana da shekara ashirin da biyar da watanni. Kamfanonin da ke ɗaukar sababbin masu digiri su horar da su, na taki da na iri da na casar shinkafa har da bankuna, kusan duk a ƙasan sanarwarsu akwai layi ɗaya: kada mai nema ya wuce shekara ashirin da bakwai. Wato abin da muke da shi, ni da shi, shekara biyu ce da ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce ai ta isa har da saura.

Yanzu ba a rubuta "ina neman alfarma" a ninke a kai ofis. Akwai takardar da suke kira sibi, taƙaitaccen tarihin mutum da karatunsa da abin da ya iya, ita ake turawa ta intanet. Ya dawo da tasa daga bautar ƙasa, a waya, ya nuna mini. Shafi ɗaya ce tal. Ba hoto, ba sa hannu, ba sunan uba balle na gari, ba kowa da ya tsaya masa. Na riƙe wayar nesa da idona na karanta, na ce, "Wannan ai marainiya ce. Wa ya haife ka a cikin takardar nan? In ta faɗo gabana a ofis, wallahi ƙarƙashin tire zan tura ta." Ya yi murmushi ya ce, "To, Gwaggo, a gyara."

Muka tafi shagon kwamfuta na kusa da tasha. Mai shagon dattijo ne, tsohon malamin makaranta, mutum mai sanyin hali da ba ya jayayya da mai kawo masa aiki. Na ja kujera na zauna kusa da shi ina faɗa yana bugawa. Na sa aka zuba sunan uba da na kaka, da gari da gunduma da ƙaramar hukuma. Na sa aka bar gurbin hoto a sama, aka bar fili mai faɗi a ƙasa don hatimi. Da filin takardar ya yi kaɗan, na sa aka cire wasu layuka da yaron ya rubuta game da gwajin ƙasa da ya yi wa wata ƙungiyar manoma a can kudu, na ce wannan hira ce, in an kira shi ya faɗa da bakinsa. Aka buga a takarda mai kauri, mai koren zane a gefe. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ta yi kamar katin gayyata." Na ɗauka yabo ne.

Washegari muka hau mota zuwa Gwaram, daga can muka hau babur zuwa Kwandiko, don hatimin dagacin garinmu na asali nake so, ba na aro ba. Muka same shi a zaure da mutanensa. Tsoho ne, ya san mahaifinmu, bai yi boko ba. Ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Wannan kuma ta mece ce?" Na ce, "Ta neman aiki ce, ranka ya daɗe. A shaida ɗanmu ne, an san asalinsa." Aka ɗauko hatimi a cikin wata tsohuwar jakar fata. Tawadar ta bushe, sai da aka ɗiga mata ruwan buta. Ya danna da ƙarfinsa duka, shuɗin ya fito raɗau, ya sa hannu da ajami, ya yi mana doguwar addu'a. Na dubi takardar nan na ji sanyi har cikin raina. Muka biya gidan Yaya muka nuna masa. Bai taɓa ta ba, ya dai leƙa ya ce, "Allah ya sa a dace." Da muka dawo Birnin Kudu na kai wa tsohon shugaban makarantar sakandaren yaron shi ma ya sa hannu. Na manna hoton fasfo, na sa aka rufe ta da leda don kada ta yi datti, sannan mai shago ya ɗora ta a na'urar ɗaukar hoton takardu, hoton ya shiga kwamfuta. Wannan hoton shi muka riƙa turawa ko'ina.

Sau ɗaya yaron ya yi magana. Muna tafe daga shagon, wajen wata na uku da farawa, ya ce, "Gwaggo, wani da muka yi bautar ƙasa tare ya ce wai gara a tura ta yadda take a kwamfuta, ba sai an buga an ɗauki hoto ba."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ce, "Shi wanin, ya samu aikin?"

Ya ce, "Bai samu ba tukuna."

Na ce, "To. In ya samu ya zo ya koya mini. Takarda ba sa hannu ba hatimi, wa zai yarda ba kai ka ƙaga ta a ɗaki ba? Ni da na tsufa a cikin takardu yau wani yaro zai nuna mini?"

Ya ce, "Haka ne, Gwaggo." Bai sake tayar da zancen ba. Yaro ne da ban taɓa faɗar abu biyu a kansa ba, kuma a lokacin wannan halin nasa shi nake alfahari da shi a gaban mata. Shi ma ba wai ya san dalili ba ne, ji ya yi kawai. Amma ya kawo mini abin da ya ji, ni kuma na rufe masa baki a gaban masu sayar da rake.

Daga nan muka shiga jira. Duk sanarwar da ta fito sai mun je shago, ni da shi, don ban yarda ya je shi kaɗai ba, kada ya yi gaggawa ya manta wani abu. Mai shago ya ɗora hoton, yaron ya latsa, in ce Allah ya sa albarka, mu dawo. Yawanci shiru ne. Wasu kuma sukan amsa, amsa iri ɗaya kamar sun haɗa baki: mun gode da sha'awarka, amma ba za mu ci gaba da kai ba a wannan karo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saurinta. Wata ranar ba mu ƙarasa gida ba wayarsa ta yi ƙara. Na ce, "Ka gani ko? Yaushe suka buɗe, yaushe suka karanta? An riga an raba wa 'ya'yan manya, mu ake yi wa wasan yara." Na zagi mutanen da ban taɓa gani ba, na zagi iyayensu, na kwana ina ƙuna. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in tambayi kaina wane irin mutum ne zai karanta takarda ya amsa kafin a yi tafiyar minti goma.

Na je wurin wani Alhaji, tsohon shugabana a ofis, wanda 'ya'yansa ke manyan wurare a Kano. Na ce ya sa baki. Ya ce, "Akawu, zamanin sa baki ya ja baya. Yaran nan sun gaya mini yanzu takardun yawa suke yi, ba wanda ke iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Wata manhaja ce a kwamfuta ke tace su kamar rariya, abin da ya tsallake shi mutum ke gani." Na ce, "Alhaji, in ba za ka taimaka ba ka ce ba za ka taimaka ba, kada ka laƙa wa kwamfuta." Ya yi dariya ya ce har yanzu bakina bai mutu ba. Na fito ina cewa a raina duk wanda ya ƙoshi haka yake. Mutumin nan gaskiya ya gaya mini tsirararta, ni kuma na ajiye ta a ƙofar gidansa na taho.

Sai na ƙara ƙaimi ta inda na sani. Da yaron ya yi wani ɗan kwas na wata uku, na ce a sabunta takarda, muka sake hawa motar Gwaram aka sake danna hatimi. Na yi sadakar waina ranar Juma'a ba sau ɗaya ba. Kuma abin bai tsaya a gidana ba. Mata suka ga takardar, suka yaba, suka riƙa turo mini 'ya'yansu. Akwai yarinya daga Sundimina da ta karanta aikin gwaje-gwajen asibiti, akwai samari biyu daga Yalwan Damai. Kowannensu na tsara masa irin ta ɗana, na tura shi wurin dagacinsu, na ce kada ya kuskura ya aika ba hatimi. Suka yi godiya har da kawo mini gyaɗa. Ban san inda suke ba yanzu, kuma ina jin tsoron tambaya.

A cikin shekara ta biyu yaron ya fara canjawa a gabana. Ya samu wata makarantar kuɗi a unguwa yana koyar da lissafi don kada ya zauna haka nan. Ya daina zama majalisar abokansa, don kowa ya gan shi sai ya ce, "Mai digiri, yaushe za a fara aiki?" Ya daina zuwa ɗaurin aure. Da can in wayarsa ta yi ƙara har tuntuɓe yake yi, daga baya sai ya kife ta ya ci gaba da cin abinci. Wata rana ina shara na ji yana faɗa wa wani a waya, a hankali, "Ƙila dai ni ne ban iya komai ba." Na jefar da tsintsiya na shiga na balbale shi da faɗa, na ce kada in ƙara jin wannan maganar a gidana, wanda ya fito da irin sakamakonsa ba ya faɗar haka. Ko lallashina ma faɗa ne, haka Allah ya yi ni. Ya ce in yi haƙuri.

Yaya kuwa in mun haɗu a suna ko ta'aziyya, tambayarsa ɗaya ce, "Akawu, yaya ɗanki?" In ce, "Ana nan ana jira, Yaya." Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Da aka yanke gero a shekarar da nake ba da labari, yaron ya cika ashirin da takwas. Mu biyu mun san ƙofar da ta rufe. Ya daina duba sanarwa. Bayan kamar mako shida wata maƙwabciya ta nuna mini wata a wayarta, wani kamfanin iri na neman sababbin masu digiri a fannin ƙasar noma, kamar don shi aka rubuta. Na bi ta layi layi, ban ga zancen shekaru ba. Na ce ya tashi mu je. Ya ce, "Gwaggo, a bar shi mana." Na ce, "Ka tashi na ce." Ya tashi.

Da hantsi ne, hadari ya haɗo, irin ruwan ƙarshen damina. Mai shago ya buɗe shafin kamfanin ya ɗora hoton takardarmu kamar kullum. Amma wannan shafin ba irin sauran ba ne. Maimakon ya ce an karɓa, sai ya buɗe wani allo, a sama an rubuta cewa ga abin da aka karanta daga takardarka, ka duba ka gyara. Ƙarƙashinsa gurabe ne a jere. Gurbin suna babu komai. Gurbin makaranta babu komai. Na digiri, na shekarar gamawa, na abin da ka iya, duk fari fat.

Na ce, "Malam, intanet ɗinka ce ba ta da ƙarfi. Sake."

Ya sake. Haka dai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake na uku. Sannan ya jingina da kujera, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Hajiya, ina jin hoto ne matsalar. Abar nan rubutu take karantawa, mu kuma hoton rubutu muka ba ta. Ga leda tana ƙyalli, ga hatimi ya hau kan layi. A wurinta farar takarda muka aika."

Na ce, "Yau kawai?"

Ya ci gaba da kallon kwamfutar.

Na ce, "Malam, da kai nake. Waɗanda muka tura shekara biyu fa?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Hajiya. Ƙila wasu na iya karanta hoto, ƙila wasu mutum ne ke buɗewa. Amma waɗanda ke amsawa nan take ɗin nan..." Bai ƙarasa ba. Ya ce shi ma yau ya fara ganin abin da idonsa, da ya sani da ya faɗa.

Ban iya juyawa na dubi yaron ba. Shi ne ya matso, ya ciro wayarsa ya ce, "Malam, ina da wata a nan, a gwada ta." Marainiyar nan ce mai shafi ɗaya, ashe bai taɓa goge ta ba. Aka tura ta kwamfuta aka ɗora. Kafin in ƙifta ido gurabe suka cika. Ga sunansa, ga jami'arsa, ga sakamakonsa. Ga layukan gwajin ƙasa da na sa aka cire, sun zauna daram a gurbin ƙwarewa, har an ja musu koren layi alamar sun dace da abin da kamfanin ke nema. Gurbi ɗaya ya rage, na ranar haihuwa, ya cike da hannunsa. Ya latsa.

Ruwa ya sauko, muka tsaya a rumfar shagon muna jira ya tsagaita. A nan wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta, ya miƙo mini. Wannan amsar ba irin waɗanda muka saba ba ce. Ta ce karatunsa da ƙwarewarsa sun dace da gurbin, amma shekarunsa sun wuce iyakar da aka sa wa shirin. Ranar da na tabbatar an karanta takardar ɗana ke nan, kuma abin da aka tsaya a kai shi ne ya makara da mako shida.

Na ce, "Mu je kotu a yi takardar rantsuwa, a rage maka shekara biyu. Kowa na yi." Ni da ban taɓa goge harafi ɗaya a fayil ɗin wani ba, ni ce na faɗi haka. Ya ce, "Gwaggo, shekarun suna jikin lambar ɗan ƙasa, ba su gyaruwa haka. Kuma ba na so." Sai ya ƙara da cewa, "Ba komai. Haka Allah ya so."

Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Na so ya ce ai na gaya miki, na so ya tuna mini da ranar masu rake. Na tsaya ina jiran ya faɗa don in samu abin da zan riƙe in yi kuka. Bai faɗa ba. Ya cire hularsa ya kare mini kai da ita muka tsallaka titi.

Na san akwai wasu ayyukan da ba su sa iyakar shekaru, kuma na san ba lallai ne da an karanta shi tun farko a ɗauke shi ba. Mutane sun gaya mini haka, ni ma na gaya wa kaina. Amma shekara biyun da ƙofar ke buɗe, ni na tsaya a bakinta da takardata mai koren zane. Wannan ba wanda zai sauke mini shi.

Bayan kwana goma ya ce zai je Kwandiko ya taya su girbin dawa, kwana kaɗan zai yi. Da ya tafi na shiga ɗakinsa na ga ya kwashe littattafansa duka. Na kira shi a waya na ce, "Ka gaya wa babanka abin da ya faru?" Ya ce, "Me zan ce masa, Gwaggo? Ba a samu ba, shi ke nan." Wato ya rufa mini asiri ke nan, zai bar uban ya ci gaba da ɗauka shi ne ya kasa. Na yi mako biyu ina juya abin. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na ce a bar shi haka, tunda shi ma ya zaɓi shiru. Ranar wata Talata dai na yafa mayafi na hau mota.

Na sami Yaya da azahar a gindin ɗorawar ƙofar gida yana tufkar igiyar shanu. Yaron yana gona. Muka gaisa, aka kawo mini fura, ban sha ba. Na ce, "Yaya, magana na zo da ita, kuma laifina na zo faɗa." Na ba shi labari tun daga shagon har zuwa gurabe farare. Na yi ta neman yadda zan sa ya gane, don shi ko waya mai shafawa ba ya riƙewa. Na ce masa yanzu ba mutum ke fara duba takarda ba, na'ura ce, kuma takardar da na tsara, wadda ya gani da hatimin dagaci, na'urar ba ta iya ganin ko harafi ɗaya a cikinta. Na ce yaron ya so ya gaya mini, na hana shi.

Ya dakata da tufkar. Ya ce, "Tsaya, Akawu. Wato ba wanda ya duba shi ya ce bai iya ba?"

Na ce, "Yawancinsu ko ganin sa ba su yi ba, Yaya."

Ya ce, "Duk shekarun nan?"

Na ce, "Duk."

Na shirya wa faɗansa. Na zo da niyyar ko me ya ce in haɗiye, karo na farko a rayuwata. Amma bai yi faɗa ba. Ya ajiye igiyar a cinya, ya dubi hanyar gona. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matsa.

Ya ce, "Bara da kaka ya zo nan. Muna sussuka, ƙannensa duk suna wurin, har da surukai. Ya ce mini wai ƙasar gonar gabas ta gaji, a huta da dawa a sa wake. Na ce masa, kai da masu ilimi suka auna ka suka ga ba ka kai ba, kai ne za ka koya mini noma? Na ce an raba ka da shanu shekara ashirin an dawo mini da ƙarin bakin ciyarwa." Ya ƙara da cewa, "A gaban ƙannensa na faɗa, Akawu. Suka yi dariya."

Ban san wannan ba. Yaron ya dawo daga waccan tafiyar ya ce mini kowa lafiya, suna gaishe ni.

Yaya ya ce, "Tun ranar, daga bakin zaure yake gaishe ni. Yanzu ma da ya dawo, abin da na ce a yi shi yake yi, ba ya ƙara ko kalma." Ya ɗauki igiyar ya sake ajiyewa. "Ni ban taɓa kiran sunansa ba, kin sani. Ban san ta inda ake fara irin wannan maganar da shi ba. Ke ce uwarsa. In ya dawo ki ja shi gefe, ki ce masa..."

Na jira. Na ce, "In ce masa me, Yaya?"

Ya ɗauki igiyar ya ci gaba da tufka. Muna nan zaune har muka ji ƙarar amalanke. Yaron ne ya taho da dammunan dawa, ya yi baƙi, ya rame, wuyan rigarsa ya yage. Ya tsayar da shanun, ya gan ni, ya yi murmushi ya ce, "Gwaggo, sannu da zuwa, ya hanya?" Sannan ya tsaya daga nesa ya durƙusa ya ce, "Barka da yamma, Baba." Yaya ya ce, "Yawwa," idonsa a ƙasa. Yaron ya miƙe ya ja shanun zuwa bayan gida.

Na kwana biyu a Kwandiko. Sau uku na koma wurin Yaya na ce ya ƙarasa mini saƙon, sau uku yana cewa bari dai tukuna. Na dawo Birnin Kudu ni kaɗai. An yi damina biyu tun daga nan, yaron yana can yana noma abin da aka ce ya noma. Yaya bai ƙarasa maganar ba har yau, ni kuma ban san abin da zan kai wa yaron ba.